Hoton da Ban Buga wa Hatimi Ba

Kun sha tambayar mahaifiyarku dalilin da ya sa ba ma zuwa gidan Rafin Guza yawon sallah. Ita kullum sai ta turo ku wurina, ni kuma in ce ku je ku yi wasa. To yanzu kun wuce shekarun wasa, ni kuma hannuna ya fara rawa, ko kyamara sai na kafa ta a kan ƙafafunta kafin ta tsaya. Gara in rubuta muku da kaina, kada wata rana ku ji zancen a bakin wanda ba ya wurin. Abin da ya raba ni da wana, Baffanku Habu, hoto ne guda ɗaya. Ni na ɗauke shi, kuma a duk hotunan da na ɗauka a rayuwata babu wanda ya kai shi kyau.

Abin ya faru ne a shekarar da fim ya gagara samuwa. Inda muke kai wankin hoto suka rufe, masu kawo mana fim suka koma sayar da wayoyi, dole na sayi kyamarar dijital na ajiye a shagona na Hayin Banki. Tun ranar farko jinina bai haɗu da ita ba. Kyamara ce marar kunya. Duk ƙurjin da ke fuskar mutum sai ta ƙirga shi, baƙar fata ta mayar da ita kamar an shafa mata toka, koren ganye kuwa ya yi ta ihu a bayan mutum har ka manta da wanda aka ɗauka. Fim ba haka yake ba, fim yana da kara. Wata Hajiya daga Unguwar Rimi, wadda na shekara da shekaru ina ɗaukar bukukuwan gidanta, ta dawo mini da hotunan ɗiyarta a cikin leda, ta dire a kan tebur.

"Isiyaku, hoto na ce ka ɗauka mana ko tonon asiri?"

Maganar nan ta hana ni sukuni. Na sa wa raina sai na koya wa na'urar nan ladabi. Kusan wata huɗu ina abu ɗaya. Na shiga cikin saitinta na rage kaifin hoto har ƙasa, don fata ta yi laushi. Na karkatar da farinta zuwa ɗumi, ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa da ja kamar hasken la'asar. Na rage ƙarfin launi, na fi danne kore. Na ɗaga baƙi kaɗan don inuwa ta daina zama rami, ka iya ganin zaren riga a cikinta. Na ƙara mata saurin kama haske da gangan, hoton ya riƙa fitowa da ɗan tsaki-tsaki irin na fim. Daga ƙarshe na je Panteka wani maƙeri ya yanka mini zobe, na ɗaura mata gilashin tsohuwar kyamarata, wanda gefensa ke ɗan dusar da hoto. In na zo wankewa sai in sa takarda marar sheƙi, in bar farin baki kewaye. Duk gwajin nan a kan mahaifiyarku Hajara na yi shi. Sai in zaunar da ita a tsakar gida, in ɗauka, in murɗa wani abu, in sake ɗauka.

"Malam, ni fa tuwona zai ƙone. In fim ɗin kake so ka aure shi mana, ka ƙyale ni in tashi."

Ranar da na dace, na san na dace. Na liƙa hotuna biyu a gilashin shago, ɗaya tsoho na fim, ɗaya sabo, duk wanda ya shigo in ce ya nuna mini na jiya. Ba mai ganewa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Har masu sana'a irin tawa suna zuwa daga Kawo su roƙe ni in nuna musu saitin, ni kuwa in yi murmushi in ce sirrin gida ne. Ana cikin haka Yaya Habu ya biyo ta shagon. Ya daɗe a gaban hotunan nan biyu, hannunsa a baya.

"Wato ba mai iya rabewa?"

"Yaya, ko ni da na yi, sai na juya bayansa na duba hatimi."

Dole in yi muku bayanin hatimin. Maigidana da ya koya mini sana'a ya hore ni a kan abu ɗaya: hoto ba ya fita shago sai an buga masa hatimi a baya, an rubuta ranar da aka ɗauka. Na riƙe wannan shekara da shekaru, har mutanen unguwa in sun yi gardama kan shekarar da aka yi wani aure ko suna, sai a ce a ɗauko hoton Isiyaku a juya.

Shi kuwa Yaya Habu direban babbar mota ne, ya gaji da hanya ya dawo ya zauna a gidanmu na gado da ke Rafin Guza tare da Inna, kakarku. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ne kuma ya kai ni koyon hoto tun Baba na da rai, lokacin da kowa ke cewa sana'ar 'yan iska ce. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Kuma Allah ya yi shi da kamannin Baba sak, tsawon, faɗin kafaɗar, har yadda yake karkata kai in yana sauraro. Baba kuwa har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, a ce na ɗauki rabin mutanen Kaduna amma ba ni da fuskar ubana. Saboda haka da Yaya ya dawo bayan kwana biyu da shawararsa, ban ko yi tunani ba.

"Idon Inna ya yi rauni, kullum zancenta Baba. Rigarsa da hularsa suna nan a akwati. In na sa, ka ɗauke ni daga ɗan nesa da wannan saitin naka, mu ba ta ta riƙa dubawa."

Sai da na juya baya na share ido.

Tsakanin gidanmu da na maƙwabta akwai lungu, a cikinsa akwai rijiya. Baba da tsohon mai wancan gidan suka haɗu suka haƙa ta, gida biyu na ɗiba. Bayan su biyun sun rasu, wani tela mai suna Malam Sale ya sayi gidan maƙwabtan, iyalinsa suka ci gaba da ɗibar ruwa kamar yadda suka tarar. A shekarar nan Malam Sale ya kwashi iyalinsa zuwa Katsina jinyar mahaifiyarsa, ya yi wajen wata uku. Ranar da na je ɗaukar hoton sai na tarar da sabuwar katangar ƙasa ta ratsa lungun, rijiya ta koma cikin gidanmu. Na tambaya, Yaya ya ce awaki ne suka dame shi, kuma yana tsoron kada 'ya'yan mutane su faɗa, in Malam Sale ya dawo zai fasa masa ƙofa. Na karɓa, don karɓar ta fi mini sauƙi, kuma hankalina yana kan hasken rana da ke shirin wucewa.

Ya ce a bakin rijiyar yake so, nan ne Baba ke alwala, katangar ta fito a bayansa. Sauran aikin duk ni na yi, ba wanda ya sa ni. Ni na kwashe jarkokin roba da bokiti. Ni na ɗauko tsohon tulun Inna da gugan fata na ajiye. Ni na ce ya cire agogo da takalman roba. Na durƙusa na nemi kusurwar da wayar lantarki ba za ta fito ba. Da na ga yaɓen katangar ya yi sabo da yawa, na ɗebo ruwa na watsa mata ta yi duhu. Ni, da hannuna. Ya tsaya ya karkata kai, na danna. Da na duba bayan kyamara sai na ga Baba tsaye a bakin rijiyarsa.

Guda biyu na wanke. Na ɗauko hatimi ke nan Yaya ya riƙe mini hannu.

"Haba, na gida ne, kada ka ɓata shi da tawada."

Na mayar da hatimin aljihun tebur. Shi ne karo na farko a sana'ata. Muka kai wa Inna nata, ta kawo shi daf da fuskarta, ta daɗe tana kallo, ta tura shi ƙarƙashin matashi. Ɗayan Yaya ya sa a aljihu.

Bayan kamar mako shida, wata Laraba da hantsi, ya shigo shagon ya tura ƙofa. Ya fito da hoton ya ajiye. Na kusa kasa gane shi. Gefensa ya lanƙwashe, ya yi ɗan ja kamar abin da ya shekara ashirin a ƙasan akwati. Ya ce Malam Sale ya dawo ya kai ƙara wurin mai unguwa kan katanga. Shi kuma ya shaida musu cewa tun zamanin Baba akwai katanga a wurin, ruwan wata damina ne ya rushe ta kafin Malam Sale ya zo unguwar, shi gininta kawai ya mayar. Ga hoton Baba a gabanta. An tambaye shi wa ya ɗauka, ya ce ƙaninsa, tun yana koyon sana'a. Ana nemana ranar Asabar da safe.

"Kalma ɗaya ce. Ka ce kai ka ɗauka, shi ke nan. Ai ba ƙarya ba ne."

"Yaya, in suka ce yaushe fa?"

"Ka ce ka manta. An daɗe."

"Su Malam Sale ina za su sha ruwa?"

"Ga 'yan ga-ruwa nan cike da gari. Rijiyar ubanmu ce."

"Rabinta, Yaya."

Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Kai ƙanina ne ko ƙanin tela?"

Ya ɗauki hoton ya fita, bai rufe ƙofar ba.

Kwana ukun nan ban san abin da na ci ba. Na ɓata hotunan fasfo na mutum biyu, na yanke wa wani kunne da almakashi a jikin takarda. Da na gaya wa mahaifiyarku, ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zauna a bakin ƙofa.

"Ka kwanta ka ce zazzaɓi. Ni zan aika a ce ba ka iya tashi."

"Sai su ɗaga zuwa wata Asabar."

Can ta ce, "To in suka ɗauko Alƙur'ani fa, Malam? Da wane hannu za ka dafa, da wanda ka watsa ruwan?"

Ita dai ba ta iya lallashi ba, kun san halinta. Akwai kuma wani abin da Yaya bai sani ba: kyamarar dijital tana rubuta ranar kowane hoto a cikinta, ko ka so ko ka ƙi, hoton kuma yana nan a katin ajiyarta. Ranar Alhamis na zauna na buɗe shi, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. In na danna, babu sauran shaida sai bakina. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya hana ni, amma na yi alkawarin ba zan yi wa kaina kwalliya a takardar nan ba. Kyan hoton ne ya hana ni. Na kasa goge abin da ya fi komai kyau a aikina. Ranar Juma'a kuma, muna fitowa daga masallaci, sai ga Malam Sale ya miƙo mini hannu, mutum siriri mai magana a hankali, da zare maƙale a hannun rigarsa.

"Na ji kai ne shaida, Malam Isiyaku. Hankalina ya kwanta. Ni baƙo ne a unguwar, in ka ce akwai katanga tun da, wallahi na haƙura."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar da safe zauren mai unguwa ya cika. Na rataya kyamarar a ƙarƙashin babbar riga, har na zauna ban san ko zan fito da ita ba. Yaya yana gefen dama, Malam Sale yana hagu, ni aka ba ni wuri kusa da ƙofa. Aka riƙa miƙa hoton hannu zuwa hannu. Wani dattijo da ya san Baba ya riƙe shi, muryarsa ta karye.

"Allah sarki, Malam Musa. Allah ya kai haske kabarinsa."

Zaure ya amsa da amin. Ni ma na amsa. Hoton ya isa hannun mai unguwa, ya duba, sai ya yi abin da kowa ke yi wa hotona. Ya juya bayansa.

"Isiyaku, ina hatiminka?"

"Lokacin bai yi hatimi ba tukuna," in ji Yaya.

"Ba kai na tambaya ba, Habu."

Ku da kuka tashi a wannan zamanin ba lallai ku gane nauyin wurin ba. A yadda aka rene mu, ƙani ba ya ƙaryata wansa a gaban mutane, ko da wan ya ce rana daga yamma take fitowa. Ka bari sai an koma gida. Na kafa idona a kan tabarma, igiyar kyamara tana cin wuyana.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauka."

Na ji Yaya ya sauke numfashi. Na ga Malam Sale ya sunkuyar da kai, ya fara laluben takalminsa.

"Yaushe?"

Wani ya yi tari, wani babur ya wuce a waje.

"Bana, ranka ya daɗe. Bayan ƙaramar sallah. Ba Baba ba ne, Yayana ne a cikin rigarsa."

Na zaro kyamarar na buɗe hoton da ranarsa a ƙasa, na miƙa da hannu biyu. Na faɗi yadda na kwashe jarkoki, da yadda na jiƙa katanga, don kada a ɗora masa shi kaɗai. Dattijon da ya yi addu'a ya riƙa salati yana girgiza kai. Yaya bai musa ba, bai ko dubi kyamarar ba. Ya miƙe tsaye, ya zo wucewa ta ƙofa inda nake, gefen rigarsa ya shafi kafaɗata.

"Daga yau uwata ɗa ɗaya ta haifa."

Kafin mako ya zagayo an rushe katangar, matar Malam Sale ta koma ɗibar ruwanta. Mutane suka yi ta yaba mini, ni kuwa yabon yana ƙona ni. Domin ga laifina na biyu, wanda ya fi na hatimi: ina da kwana uku. Da na je wurin Inna, ko na sami dattijo ɗaya muka shiga ɗaki da Yaya, da ya janye maganarsa cikin sutura. Tsoro ya sa na yi ta jinkiri har sai da ba sauran wurin faɗin gaskiya sai tsakiyar zaure. Kuma unguwa ba ta mantuwa. Matasan bakin titi suka laƙaba masa suna Marigayi, in ya wuce sai wani ya ce Allah ya jiƙan Malam Musa, a fashe da dariya. Mutumin da ke cika majalisa da labaran hanya ya koma daga gida sai masallaci. Na aika masa mutane ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. In na shiga gaida Inna sai ya fita ta baya.

Zuwana na farko wurin Inna bayan zaman, na durƙusa ina neman yadda zan gaya mata cewa abin da ke ƙarƙashin matashinta ba mijinta ba ne. Ban gama haɗa maganar ba ta katse ni.

"Isiyaku, idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Ni zan kasa gane abin da na haifa? Tun ranar na sani."

"To Inna, me ya sa kika ajiye?"

Kun san Yaya ne ɗanta na fari. Irin matan da, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su haɗa ido, in zai shigo sai ta kau da kai ta yi magana da bango. Ta zaro hoton ta shafa shi da tafin hannu.

"Tun da na haifi wancan ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba. A nan kuwa ina kallonsa yadda na ga dama, ba mai ganina."

Ta miƙo mini.

"Je ka buga abin naka a baya. Ka rubuta sunan mai shi."

Na buga, na rubuta, na mayar mata. Yana ƙarƙashin matashinta har ta rasu, sannan ya dawo hannuna. Yaya ya bi ta bayan shekara huɗu. Na ɗauki makararsa, na shiga kabarinsa na karɓe shi, amma tun daga ƙofar zauren nan bai sake ce mini ko sannu ba. Saitin kuwa yana nan a kyamara, na ci abinci da shi shekaru, amaren Unguwar Rimi har layi suke yi, sai dai ban sake barin hoto ya fita ba hatimi ba, ko na jaririn gidan nan ne.

Ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba, kuma ban yarda ɗayanku ya riƙe Baffanku da mugun nufi ba. Shi ne ya damƙa mini kyamara a hannu. Abin da nake so ku sani shi ne, tun daga ranar bai ƙara tsayawa gaban mai hoto ba, wancan na hannunsa kuma an ce a murhu ya jefa shi. 'Ya'yansa ba su da fuskarsa, kamar yadda ni ban da ta Baba. Na Inna yana cikin gwangwanin da ke saman kabad ɗina, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ni na kasa kai musu, sau uku ina isa bakin lungun ina juyowa. Ku ɗauka ku je Rafin Guza, ku yi sallama kamar yadda ake yi a gidan uba, ku ba babbar 'yarsa. In ta ce wannan ai hoton ƙaryar nan ne, kada ku yi gardama da ita. Ku juya mata bayansa kawai. Sunan ubanta ne a jiki, da ranar, da hatimina.